Dutsen Niƙan Mama Kuve

Shekaranjiya Rahila, ɗaya daga cikin ɗaliban da ke zaune a gidana a nan unguwar Lokuwa cikin Mubi, ta miƙo mini wayarta tana ta murna. Wai ta je gida Muchalla ta ɗauko waƙar matan da ke sussukar dawa, kuma akwai wani abu a wayar da ake dannawa ya share kowace irin ƙara, ya bar murya zalla. Ta kunna mini. Muryoyin sun fito tas, babu bugun sanda, babu kukan kaza, babu iska, sai ka ce a cikin kwalba matan suke rera waƙar.

Ta ce, "Baba Garba, ka ga aikin da kuka yi ta shan wahala a kai? Minti biyu na gama."

Na ce ta kira sauran su zauna. Tunda aikin minti biyu ne, ai suna da lokacin jin labarin tsoho. Abin da na gaya musu a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida shi ne nake rubutawa a nan, saboda na san ba su kaɗai ne masu wannan tunanin ba.

Sama da shekara talatin na yi ina ɗaukar murya wa gidan rediyon al'adu na ƙasa. Ku da kuka taso kowane gari da tasharsa ba za ku gane abin da wannan gida yake a wurinmu ba. An kafa shi ne don kowane yare na ƙasar nan ya ji kansa a iska, ko da sau ɗaya ne a shekara, kuma a gajeren zango yake watsa shiri, wanda ke kaiwa har bakin teku. Ba shi da ofis a Mubi. Mutum ɗaya ake bai wa rikoda a ce yankin nan naka ne, ya yi ta yawo ƙauye-ƙauye, ya tura faifan tef a mota zuwa hedkwata, tafiyar kwana biyu. Ranar Lahadi da la'asar ake sa shirin waƙoƙin aiki, na noma da daka da niƙa da saƙa. Lokacin sai ka ga mai shayi ya miƙe eriya har ƙarshenta, mutane sun kewaye shi. Ranar da aka sa waƙa da yaren yankinmu, Gude ko Kamwe, har mai sayar da nama yakan bar tukubarsa ya matso.

Wanda ya koya mini aikin sunansa Baba Vandi, mutumin Michika, tsohon malamin makaranta ne, gajere, mai son goro. A teburin mahaifina yake saya a kasuwar Mubi, don mu asalinmu daga wajen Katsina kakana ya zo da fataucin goro. Ta nan aka haɗa ni da shi. Wata uku na yi ban taɓa rikoda ba, batir kawai nake ɗauka. Idan muka isa ƙauye sai ya zaunar da ni a gindin bishiya ya ce in rufe ido.

"Me ka ji?"

"Babu komai, Baba."

"To kurma aka ba ni. Sake ji."

Sai a hankali na fara jin akuya a bayan danga, da guga yana bugun bangon rijiya, da wata mata tana tari can nesa. Ya ce duk waɗannan za su shiga tef ko na so ko ban so ba, don haka gara in san su tun kafin su ba ni mamaki.

Rikodar kuwa mai faifai biyu ce, nauyinta ya kai na tulu cike da ruwa, kuma manyan batir take ci kamar ba gobe. Makirufo muna sa masa safa saboda iska, kuma safar Baba Vandi ce ta ƙafar hagu, ta daman tana ƙafarsa. Akwai wata 'yar allura a gaban rikodar da ke rawa idan murya ta shiga. Idan ta taɓa inda aka sa alamar ja, murya ta fashe, idan ta kwanta, ba ka ɗauki komai ba. Gyara kuma da reza ake yi. Ka yanke tef daidai inda mawaƙi ya yi tari, ka haɗa baki da baki ka liƙe. In hannunka ya karkace ka cinye wa mutum rabin kalma, babu mai dawo da ita.

Mutanen da muke ɗauka su ma sai ka iya da su. Akwai wani mai goge a hanyar Michika da ya sa muka jira shi awa biyu, ya je ya yi wanka ya saka babbar riga da hula. Na ce masa, "Malam, ai rediyo ba ta nuna hoto." Ya harare ni ya ce shi dai ba zai shiga gidajen mutane da ƙazamin kaya ba. Tun daga ranar ban ƙara hana kowa kwalliya ba, don na lura wanda ya yi ado muryarsa ma takan miƙe.

Doka ɗaya Baba Vandi ya fi maimaita mini. Ya ce kowace waƙa tana da gidanta, kada in fitar da ita daga ciki. Waƙar noma a gona ake ɗaukarta, mutum yana sunkuye da fartanya, ta daka kuma a gaban turmi. Na ce na ji, kuma har ga Allah na ɗauka na ji.

Da zan iya, da kunna muku tef ɗin da zan ba ku labarinsa zan yi in huta. Amma kun san shekarar da tashin hankali ya sa muka bar Mubi da ƙafa, kowa da abin da hannunsa ya ɗauka. Ni jikokina biyu na ɗauka. Da muka dawo bayan watanni, na tarar an ɓalle rufin ɗakin da nake ajiye kwafin aikina, ruwa ya sauka a kai, faifai sun manne da juna sun yi funfuna. Na zauna a ƙofar ɗakin nan na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na aika hedkwata tambaya, suka ce sun koma aiki da kwamfuta, tsofaffin faifai wasu an kwashe, wasu ba a samu ba. Wannan yana cikin waɗanda ba a samu ba, don haka sai dai ku yarda da bakina.

Shekarata ta biyu ke nan ina aiki ni kaɗai, Baba Vandi ya yi ritaya ya koma Michika, sai wasu mata masu kawo gyaɗa kasuwa suka kawo mini saƙo. Wai wata tsohuwa a wani ƙauye a kan dutse, gaba da Michika, tana neman mai rediyo. Abin ya ba ni mamaki, don mu ne ke roƙon mutane su yi waƙa, ba a taɓa kirana ba. Ƙarshen rani ne, zafi ya kai inda ya kai. Na ɗaure rikoda a bayan babur, na tsallaka mayo, wato rafin da ke gindin dutsen, a bushe yake ƙayau, na bar babur a nan na hau da ƙafa.

Sunanta Mama Kuve. Doguwa ce, ta fara ranƙwafawa, hannayenta duk jijiya. Ko ruwa ban gama sha ba ta fara, da irin Hausarta.

"Kai ne mai sa mutum a cikin rediyo?"

"Ni ne, Mama."

"To ka sa ni. Kafin ruwa ya sauka."

Ta ba ni labari a tsaye. Ɗanta namiji ɗaya ne, Zira. Shekara tara da suka wuce ya yi faɗa da babansa, ya bar gida ya nufi Kudu, ba wasiƙa, ba saƙo. Bayan girbin da ya wuce baban ya rasu, Zira bai sani ba. Ƙannen mijin sun zauna sun yanke magana yadda ake yi a wurinsu: gonar marigayi za ta jira ɗansa har ruwan farko. Idan ruwa ya sauka babu ɗan da zai sa fartanya, su za su shuka, kuma abin da mutum ya shuka ba a tuge masa, wurin ya zama nasa ke nan.

Na ce, "Mama, ta yaya kika san zai ji?"

"Ya tafi da rediyon babansa. A kan shi ma faɗan ya yi zafi. Yaron nan ba ya cin abinci sai da rediyo a gefe."

Na ce to a yi sanarwa, mai gabatarwa ya karanta sunansa ya ce ana nemansa a gida. Ta girgiza kai.

"Idan baƙo ya ce Zira ka dawo, zai ce babansa ne ya aiko, ba zai zo ba. Sai ya ji ni."

Ta kai ni rumfar da dutsen niƙanta yake, ta durƙusa, ta ɗebo dawa ta zuba, ta kama ɗan dutsen sama da hannu biyu. Na ajiye makirufo a gabanta a ƙasa. Da ta fara turawa sai murya ta biyo, siririya amma ba ta rawa, tana hawa idan ta tura, tana sauka idan ta jawo. Da yarensu take yi, wata maƙwabciya ce ta fassara mini daga baya. A waƙar Mama Kuve ta kira sunan Zira, ta kira tsamiyar da ke tsakiyar gonar, ta ce wanda kuka yi faɗa da shi ya kwanta ba zai tashi ba, ka zo ƙasa tana jiranka. Abu ɗaya ya dame ni. Gefen dutsen ya ɓalle, don haka duk turawa ta uku sai ya yi ƙwas, allurata ta yi tsalle. Gur, gur, ƙwas, haka har ta gama.

Na tura faifan. Bayan kwana goma ya dawo mini da 'yar takarda a liƙe: ƙarar dutse ta danne murya, a sake ɗauka a ɗaki mai shiru.

A nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Na san dokar Baba Vandi, amma ina so hedkwata su ce yaron Mubi ya iya aiki. Na je na lallashi Mama Kuve ta biyo ni Mubi a bayan akori-kura. Na rufe bangon ɗakina da barguna, na jingina katifa a taga, na kori kajin gidan, na ba ta kujera mai kyau. Ita kuma ta ɗaura zanen zuwa coci. Na ɗaga mata hannu alamar ta fara. Ta buɗe baki ta yi layi biyu, sai ta tsaya. Ta sake, ta tsaya a wuri ɗaya. Ina kallon hannayenta suna ta motsi a kan gwiwa, suna neman abin da za su tura. Kwana uku muna wannan, har na sa matata ta dafa mata shayi da citta, wai ko maƙogwaro ne.

Rana ta uku ta miƙe ta naɗe zanenta.

"Ɗana, waƙa ba ya bakina, yana hannu. Ka raba ni da dutse, ka ce in yi waƙa? Ka mai da ni gida."

Na mai da ita. Da na lissafa daga ranar da na fara hawa dutsen, da jiran amsa, da neman mota, da wannan shirmen, mako uku sun tafi. A hanyar dawowa na ga hadari ya fara taruwa a kan duwatsun gabas.

Ban wuce Michika ba sai da na tsaya gidan Baba Vandi. Na same shi yana gyaran igiyar gadonsa. Na kunna masa faifan farko, ya saurara har ƙarshe. Na gaya masa maganar barguna da kujera. Ya cire goron bakinsa ya ajiye, sannan ya yi mini wankin babban bargo a gaban matarsa.

"Wata uku na zaunar da kai a gindin bishiya, ashe barci kake yi? Dutsen bai yi laifi ba. Kai ne ka ɗauki makirufo ka ajiye a bakin dutse, kamar shi ka zo yi wa tambayoyi."

Da ya huce sai ya koya mini abin da na yi amfani da shi har na bar aiki. In ninke buhu in sa a ƙarƙashin dutsen don kada ƙasa ta ɗauki ƙara. In rataye makirufo daga rufin rumfa, daidai bakinta, ya bai wa dutsen baya. Kuma kada in kunna rikoda lokacin da ake fasa ƙwayar dawa, in jira niƙa na biyu, sa'ad da tsaki ya fara zama gari, dutse yana tafiya da laushi.

Na ce, "Baba, wannan ƙwas ɗin fa? In bi shi da reza?"

"Ka taɓa shi in yanke maka hannu. Na gidansu ne, ka bar shi."

Washegari na sake hawa. Na yi tsammanin Mama Kuve za ta kore ni, amma kallona kawai ta yi ta ce in ɗaga mata dutsen tunda ni ne mai ƙarfi. Na sa buhu, na rataye makirufo, ta fasa dawarta a natse tana hira da maƙwabciya. Da gari ya fara sauka fari a kan tabarma sai ta yi shiru, ta gyara durƙuso, waƙar ta fito da kanta. Wannan karon muryar ce a gaba, dutsen yana bayanta yana rakiya. Allurata ba ta taɓa ja ba ko sau ɗaya.

Ban yarda da direba ba, ni na kai faifan da hannuna, kwana biyu a mota yana cikin rigata. Shugabar shirin wata Hajiya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta saurara, ta ɗago.

"Malam Garba, har yanzu akwai dutse."

"Ranki ya daɗe, ai waƙar niƙa ce."

Na gaya mata maganar Zira da gona da ruwan farko. Ta duba takardar shirin Lahadi, wadda aka riga aka cika, ta ja layi a kan wata waƙar kalangu ta rubuta wannan a gurbinta. Ta ce kakarta ma da dutse take niƙa, ita ce dai ta manta.

Aka sa ranar Lahadi. Ranar Laraba ruwa ya sauka a kan dutsen kamar da bakin ƙwarya. Ƙannen mijin ba su yi zalunci ba, sai da suka ƙara kwana uku suna kallon hanya. Ranar Asabar suka shuka ɓangaren sama, wanda ya fi ƙasa mai kyau, inda tsamiyar take. Ɓangaren ƙasa, na kusa da mayo, ruwa ya kwanta a ciki, suka bar shi ya tsane tukuna. Ranar Talata Zira ya iso, ya tarar da wannan ɓangaren babu shuka, ya sa fartanya a ranar.

Bayan an yi noman farko sai ga wani mutum a ƙofar ɗakina a Mubi, dogo kamar uwarsa, riƙe da wata tsohuwar rediyo da aka ɗaure da roba. Ya gaishe ni ya ajiye ta a kan tebur.

"Kai ne ka ɗauki mamana?"

Na ce ni ne. Na tambaye shi yadda aka yi ya ji. Ya ce gadi yake yi a wani wurin yankan katako a Kudu. Ranar Lahadin tashar ba ta kama sosai, sai shuu take yi, ba ya jin kalma ko ɗaya. Muryar ma bai gane ta ba, don ya bar mace mai ƙarfi ne, wannan kuwa muryar tsohuwa ce. Har ya kai hannu zai canza tasha.

"Sai na ji gur, gur, ƙwas. Malam, ni na ɓalle gefen dutsen nan ina yaro, na sha duka a kansa. Babu dutse mai yin haka sai namu. Sai na manna rediyo a kunne, na ji sunana."

Na dubi rediyon da ya ajiye a kan tebur. Da dabarata ta barguna ta yi aiki, da na tura murya tas babu dutse, hedkwata sun yaba mini, shi kuma ya canza tasha. Da kuma ban ɓata mako ukun nan ba, da gonar duka tasa ce har da tsamiyar.

Na hau na je na ba Mama Kuve haƙuri a kan ɓangaren sama. Tana tankaɗe gari, ba ta ko ɗago ba.

"Gona rabi ne, amma yaro duka ya dawo. Zauna ka ci tuwo."

Na ci. Ta daɗe da rasuwa yanzu, Zira ma ya yi furfura, 'ya'yansa ne ke noman ɓangaren ƙasa. Amma duk lokacin da hanya ta bi da ni ta gindin dutsen nan, ɓangaren sama idona ke zuwa, inda tsamiyar take, in tuna mako uku.

A nan na tsayar da labarin da nake ba ɗaliban. Na tambayi Rahila ko na farkon yana nan a wayar, wanda ba a share wa ƙara ba. Ta duba ta ce yana nan. Na ce ta kunna mana. Sai ga sanduna suna sauka a kan dawa, ga kaza, ga iska tana kaɗa makirufo. Ba mu yi nisa ba ta ɗaga hannu ta ce mu yi shiru, ta mayar baya kaɗan.

"Baba, kun ji sandar nan da kullum take zuwa a makare? Ta kakata ce. Kafaɗarta ke ciwo."

Ta sake mayar da shi baya, ta kai wayar kunnenta.